Cinikin Zane a Montana: Gwamnati Ta Biya, Mai Zane Ya Zaɓi Wanda Zai Tsaya a Tsakiya

A shekarar 1911 gwamnatin jihar Montana, can arewa maso yammacin Amurka, ta wayi gari da wani ƙaton bango da ba ta da abin rufe shi. An yi wa ginin majalisar jihar da ke birnin Helena ƙari ta gabas da ta yamma, kuma a sabon zauren wakilai, daidai bayan kujerar kakaki, an bar fili mai faɗin kusan ƙafa 25 da tsayin kusan ƙafa 12 domin zane guda ɗaya tak. Lokacin da aka buɗe ginin a 1902, wani kamfani ne daga Cincinnati ta jihar Ohio ya yi aikin ƙawata shi. A wannan karon mutanen jihar suka ce ba su yarda ba, ai suna da masu zane a gida, kuma waɗanda suka kwana a dajin da ake so a zana. Mutum uku aka ba aikin: Edgar Paxson da Ralph DeCamp suka sami ƙananan filaye, babban bangon kuma ya faɗa hannun Charles Marion Russell na garin Great Falls, a kan jingar dala 5,000.

Duk wanda ya san Russell shekara ashirin kafin nan, da ya ji wannan kuɗi sai ya yi dariya. Mutum ne da ya saba biyan bashin mashaya da zane.

An haife shi a St. Louis a 1864, a gidan masu hali. Boko ya ƙi shiga kansa, ba abin da yake yi a aji sai zanen dawakai. Da iyayensa suka gaji, sai suka tura shi Montana a 1880, yana gab da cika shekara 16, da tunanin wahalar daji za ta koro shi gida cikin 'yan watanni. Bai dawo ba. Ya taɓa kiwon tumaki bai yi nisa ba, ya zauna da wani maharbi mai suna Jake Hoover, daga baya ya shafe kusan shekara 11 yana aikin kaboyi, yawanci gadin dawakai da shanu da dare. Da rana, lokacin da 'yan uwansa ke bayan garke, shi yana gindin tanti da ɗan akwatin fentinsa.

Sunansa ya fara fita ne a hunturun 1886 zuwa 1887, lokacin da ƙanƙara da matsanancin sanyi suka halaka shanu bila adadin a makiyayar Montana. Masu wani garke da ke zaune a Helena suka aiko wasiƙa suna tambayar halin da dukiyarsu ke ciki. Mai kula da garken ya rasa yadda zai faɗa musu. Russell ya ɗauki ɗan guntun kwali da bai wuce tafin hannu ba, ya zana saniya ɗaya, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje, tsaye cikin ƙanƙara tana jiran iskar nan mai ɗumi da suke kira Chinook, kyarketai na zagaya ta. Aka tura shi a madadin bayani. Ɗan kwalin ya yi yawo hannu zuwa hannu a Helena, ya zama ɗaya daga cikin fitattun zane-zanen yammacin Amurka, amma wanda ya zana shi kyauta ya yi.

Haka ya ci gaba da yi. Masu mashaya su ne manyan abokan cinikinsa. Abokai kuwa, duk wanda ya yaba zane sai a ce masa ya ɗauka. In an matsa masa ya faɗi kuɗi, sai kunya ta kama shi ya ambaci abin da bai taka kara ya karya ba. Ba sakarci ba ne. A tsakanin makiyayan da ya tashi cikinsu, mutum ba ya tsuga wa abokinsa kuɗi a kan abin da ya yi da yatsunsa cikin nishaɗi.

Matar da ta karɓi ragamar ciniki

A 1896 ya auri Nancy Cooper, 'yar asalin Kentucky, marainiya mai shekara 18 da ke aikatau a wani gida a garin Cascade. Shi yana da 32. Shekara ɗaya bayan auren suka koma Great Falls. Wani mai shagon fenti da kayan zane a garin Butte, Charles Schatzlein, wanda ke sayar da ayyukan Russell, shi ne ya fito ya gaya musu gaskiya: yana cin ribar zanen fiye da wanda ya zana, don haka gara uwargida ta karɓi maganar kuɗi. Ta karɓa, kuma ba ta sake saki ba har mutuwa ta raba.

Abin da Nancy ta fahimta, wanda mijinta bai taɓa damuwa da shi ba, shi ne kuɗin zane ba a jikin zanen yake ba, yana wurin da aka rataye shi da irin mutumin da ke tsaye gabansa. Zanen da ke saman kantar mashaya a Great Falls kuɗinsa ɗaya, in aka kai shi ɗakin baje koli a New York kuɗinsa daban. Saboda haka ta fitar da shi daga mashaya. A 1903 aka gina masa ɗakin aiki na gungume kusa da gidansu, da falwayoyin wayar tarho, ta tsara masa lokacin aiki da safe, ta riƙa ƙirga masa kofunan da yake sha in ya fita da yamma. Ita ke amsa wasiƙun masu saye, ita ke faɗin kuɗi, ita ke cewa albarka in tayin bai yi mata ba. Ta kuma gane cewa sayar da zane daban, sayar da izinin buga shi a kalanda ko mujalla daban, kowanne da kuɗinsa. Ta ja shi zuwa New York tun farkon ƙarni na 20, a 1911 ya yi baje kolinsa shi kaɗai a can, a 1914 kuma suka kai kayansu Landan.

Tsofaffin abokansa ba su yafe mata ba. Suna ganin ta raba su da mutuminsu, ta kuma tsauwala. Shi kansa Russell yakan yi ba'a cewa matarsa tana karɓar irin kuɗin da sai mai zane ya mutu ake biya. Amma bai taɓa ƙwace ragamar ba, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba don ita ba da bai kai ko'ina ba. A ganina abokan sun yi mata rashin adalci. Su suna son Charlie mai kyauta, ita kuwa ta san abin da ake nufi da kwana da yunwa, kuma ta ga yadda masu zane da dama suka ƙare.

Waɗanda suka riga shi shiga kasuwar

Tarihin wannan sana'a cike yake da cinikin da ya faɗa wa mai zane a ka. George Catlin ya shafe shekarun 1830 yana bin kogin Missouri da filayen yamma yana zana sarakuna da mata da bukukuwan 'yan asalin ƙasar, waɗanda muka fi sani da Jajayen Indiyawa, har ya tara zane wajen 500. Ba wanda ya sa shi. Ya yi aikin ne da zaton majalisar dokokin Amurka za ta saye shi gaba ɗaya, ya yi ta kai tayi, majalisa ta yi ta ƙi. Ya kwashi kayan zuwa Landan da Faris yana nunawa ana biya, bashi ya ci shi a 1852, wani mai ƙera kan jirgin ƙasa a Philadelphia, Joseph Harrison, ya biya masa bashin ya kwashe zane-zanen ya jibge a ma'ajiyar masana'antarsa. A shekarun da suka biyo baya sai ga Catlin, mutumin da ya yi ta kukan ana ƙarar da Indiyawa, yana yi wa Samuel Colt mai ƙera bindigogi zanen talla, inda yake nuna kansa yana harbi da bindigar Colt. Ya mutu a 1872. Sai a 1879 matar Harrison ta ba cibiyar Smithsonian tarin zanen kyauta. Gwamnatin da ta ƙi saye ta samu a banza.

Alfred Jacob Miller ya fi shi sa'a domin shi da ubangida ya fara. A 1837 wani attajiri tsohon hafsan soja ɗan Sikotland, William Drummond Stewart, ya tarar da shi a New Orleans ya ɗauke shi su tafi taron shekara-shekara na masu farautar fatu a bakin kogin Green, a inda yau ake kira Wyoming. Sharaɗin a bayyane yake: ka zana abin da ka gani, ni kuma in fito a ciki. Shi ya sa a da yawa daga cikin zane-zanen Miller za ka ga Stewart bisa farin doki. Tafiya ɗaya ya yi a rayuwarsa, amma ya ci abincinta har tsufa. Tsakanin 1858 da 1860 wani ɗan kasuwar Baltimore, William Walters, ya sa shi ya sake zana masa hotuna 200 daga tsofaffin zayyanarsa, kowanne dala 12.

Thomas Moran kuwa wani ɓangare na kuɗin tafiyarsa Yellowstone a 1871 daga aljihun Jay Cooke ya fito, mai kuɗin da ke bayan kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific, wanda ke son jama'a su yi sha'awar ƙasar da layin dogonsa zai ratsa. A 1872 majalisar dokokin Amurka ta sayi babban zanen da ya yi na kwazazzabon Yellowstone a kan dala 10,000. Frederic Remington, babban abokin gogayyar Russell, mujallun New York ne suka ciyar da shi, kuma shahararren zanensa na 1889, wanda mahaya takwas ke sukuwa zuwa kurmi Indiyawa na bin su, wani mai masana'antu ne, Edmund Converse, ya ba da aikinsa.

A duk waɗannan, mai biya ba zane kawai yake saye ba. Labari yake saye. Attajiri yana son ya ga kansa jarumi, kamfanin jirgi yana son ƙasa mai kyau wadda ba kowa a cikinta, mujalla tana son ƙura da harbi. Hoton da da yawa daga cikinmu muka taso da shi a finafinan kaboyi, na Bature mai gaskiya da Ba'indiye mai kai hari, a irin waɗannan cinikayya aka fara ƙulla shi tun kafin a ƙirƙiro silima.

Abin da za a zana

Shi ya sa cinikin Helena ya fi na kuɗi. Maganar dala 5,000 ta Nancy ce, kuma ta gama da ita. Abin da ya rage shi ne me za a sa a bangon, kuma wannan sai da amincewar hukuma, ƙarƙashin gwamna Edwin Norris. Masu rubuta tarihin Russell sun ruwaito cewa ya fara kawo shawarar zana harin Indiyawa kan ayarin kekunan shanu na 'yan kama-wuri-zauna, aka ce a'a, ba irin abin da jiha ke so wakilanta su riƙa kallo kullum ba ke nan. Aka koma kan tafiyar Lewis da Clark, aka duba haɗuwarsu da mutanen Shoshone, sai aka lura a ƙasar Idaho abin ya faru. Daga ƙarshe aka tsaya a kan wata haɗuwa da ba shakka a ƙasar Montana aka yi ta.

Ga abin da ya faru a ranar. Bayan Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803, shugaba Thomas Jefferson ya tura Meriwether Lewis da William Clark su nemo hanya zuwa tekun Fasifik. Ranar 4 ga Satumba 1805 ayarinsu ya gangaro daga duwatsu, a jigace, ga yunwa, dawakansu sun rame, suka faɗo wani kwari da yanzu ake kira Ross' Hole. Can suka tarar da zangon mutanen Salish, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Flathead. Clark ya rubuta cewa ya ga tantuna 33, mutane wajen 400 da dawakai aƙalla 500. Da Salish sun ga dama da tafiyar ta ƙare a nan. Maimakon haka suka shimfiɗa wa baƙin, suka ba su abinci daga ɗan abin da suke da shi, suka sayar musu da dawakai fiye da goma, suka musanya musu gajiyayyu da lafiyayyu. Magana ma sai ta ratsa harsuna biyar kafin ta isa: daga Salish zuwa Shoshone ta bakin wani yaro, Sacagawea, wata 'yar Shoshone da ke cikin ayarin, ta juya ta zuwa Hidatsa, mijinta Charbonneau ya mai da ita Faransanci, wani cikin ayarin ya kai ta Turanci. Da waɗannan dawakan suka haye tsaunukan Bitterroot.

Ga hukuma wannan labari ne mai daɗi: jaruman ƙasa biyu, tarba ta lumana, ba jini. Aka sallama.

Russell bai taɓa yin zane mai wannan girma ba. Ɗakin aikinsa ma bai iya ɗaukar ƙyallen ba, sai da aka ɗaga rufin aka ƙara gungume. Ya je kwarin da kansa ya zayyano duwatsun da yanayin ciyawar. A 1912 ya kammala, aka naɗe aka kai Helena.

Abin da aka buɗe shi ne abin da aka yi jinga a kai, ba kuma shi ba ne. Lewis da Clark suna nan, amma sai ka neme su. Suna can gefen dama, nesa, 'yan ƙanana, suna tsaye suna kallon jagoransu ɗan Shoshone yana magana da hannu da shugaban Salish. Tsakiyar zanen gaba ɗaya, da duk haskensa, mahayan Salish ne suka cika shi, dawakansu na turza ƙasa, masu a tsaye, ga tantuna ta hagu, ga duwatsu masu ƙanƙara a baya. Wanda ya shigo zauren bai san labarin ba zai ɗauka zanen masu ƙasa ne da wasu baƙi suka ratso, kuma hakan ne gaskiyar abin da ya faru a 1805. Akwai kuma wani kare mai kama da kyarkeci a gaba-gaba, ya yage baki, daidai saitin kan duk wanda ya zauna a kujerar kakaki. Mutanen Helena suna ba da labarin cewa Russell ba ya shiri da kakakin lokacin ne. Labarin baka ne, amma ya ƙi mutuwa.

Nauyin wannan zaɓi sai an dubi shekarun. A yarjejeniyar Hellgate ta 1855 aka karɓe mafi yawan ƙasar Salish. A watan Oktoba 1891 aka tasa ƙeyar sarkinsu Charlo da ragowar mutanensa daga kwarin Bitterroot, wato yankin da suka tarbi Lewis da Clark, zuwa keɓaɓɓen yankin Flathead. A 1910, shekara ɗaya kacal kafin a ba Russell aikin, aka buɗe shi kansa keɓaɓɓen yankin ga Turawa masu neman gonaki. Wakilan da za su zauna ƙarƙashin zanen su ne wakilan waɗanda suka ci moriyar duk wannan. Russell ya san haka sarai. Ya zauna kusa da mutanen Blackfoot a Alberta ta Kanada a 1888, ya iya maganar hannu ta Indiyawan filayen, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya wa Chippewa da Cree marasa matsuguni har aka ba su yankin Rocky Boy a 1916.

Kada kuma a mai da shi waliyyi. Ya yi zanen hari da ɗauki-ba-daɗi masu yawa domin su kasuwa ke so, kuma Indiyawan da ya fi son zanawa na jiya ne, na zamanin da bauna ke cika fili, ba waɗanda ke bara a gefen Great Falls a zamaninsa ba. Masu sayen kayansa suna iya sha'awar Ba'indiyen cikin zane ba tare da sun tuna da mai rai ba. Duk da haka, a wannan bango ɗaya, inda kuɗin na gwamnati ne kuma labarin na gwamnati ne, ya cika kowane sharaɗi na yarjejeniya, ya kuma faɗi abin da yake so ya faɗa. An yi ciniki a kan kuɗi, a kan girma, a kan rana da wurin da abin ya faru. Ba wanda ya tuna ya yi ciniki a kan wa zai tsaya a tsakiya.

Kuɗin matattu

Daga nan farashi ya yi ta hawa. Nancy ta gano sabuwar kasuwa a Kalifoniya, wajen attajiran man fetur da taurarin fim, suka riƙa yin hunturu a can. A 1921 ta sayar da zane ɗaya a kan dala 10,000, kuɗin da ba kasafai mai zane Ba'amurke ke gani da ransa ba a wancan zamani. Babban cinikinta na ƙarshe da Edward Doheny ne, hamshaƙin mai man fetur na Los Angeles, wanda ya biya dala 30,000 domin dogon zanen tarihin yammacin Amurka da zai zagaya bangon wani ɗaki a gidansa. Russell ya yi aikin ne yana fama da ciwo. An yi masa tiyatar maƙoƙo a 1926, zuciyarsa kuma ta riga ta raunana. Ya rasu ranar 24 ga Oktoba na shekarar a Great Falls, aka ɗauki gawarsa a keken doki kamar yadda ya so, domin bai taɓa ƙaunar mota ba. Ya bar ayyuka kimanin 4,000. Nancy ta ci gaba da tsare sunansa da farashinsa har ta rasu a 1940.

Ba'ar da yake yi ta tabbata fiye da yadda ya zata: a 2005 an yi gwanjon wani zanensa na 1918, na mahayan Indiyawan Piegan, a kan dala miliyan 5.6.

Zane-zanen da suka fi ba Montana ciwon kai su ne waɗanda ba su bi ta hannun Nancy ba. Sid Willis, mai mashayar Mint a Great Falls kuma abokin Russell, ya tara da yawa a bangon mashayarsa tun zamanin araha. Da aka sa tarin a kasuwa, mutanen jihar suka yi gangamin tara kuɗi don kada ya bar gida, kuɗin bai taru ba. A 1952 Amon Carter, mai gidan jarida a Fort Worth ta jihar Texas, ya saye shi. Ɗan Montana da ke son ganin waɗannan zane-zane a yau sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 zuwa gidan tarihin Amon Carter, wanda aka buɗe a 1961.